Kwanakin Kulle a Badarawa

Juma'a, 28 ga Fabrairu, 2020

Cutar korona ta shigo Najeriya. Wani ɗan Italiya ne, a Legas, jiya aka tabbatar. A rediyo na ji da safe ina shirin fita.

A majalisa bayan la'asar ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Wannan ya ce ranar Kaduna kaɗai ta ishe ta, wancan ya ce ciwon masu hawa jirgi ne. Abin da ya fi taɓa mutane shi ne dakatar da Umara da Saudiyya ta yi. Alhaji mai gidanmu ya riga ya biya kuɗin ta azumi.

Alhamis, 12 ga Maris

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annoba ce ta duniya baki ɗaya. Mu nan tun Litinin zancen tuɓe Sarki Sanusi ake ta yi.

Aji biyu na babbar sakandare, darasin ƙwayoyin cuta. Wata yarinya daga kujerar baya: "Malam, wai duk mutuwa za mu yi?" Na ce a'a, yawancin waɗanda suka kamu suna tashi, tsofaffi da masu wani ciwon a jiki ta fi kayarwa. Sai na share allo na jero musu waɗanda suka riga ta. Murar 1918, ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta biyo layin dogo ta hauro Arewa, an ƙiyasta mutum kusan 500,000 a Najeriya kaɗai. Sanƙarau na 1996, sama da 11,000. Murar tsuntsaye ta 2006, karonta na farko a Afirka, a wata gonar kaji a Jaji, nan kan hanyar Zariya. Ebola 2014. Lassa kuwa ko bana, har likitoci ta ɗauke a Kano cikin Janairu.

Da na ambaci Jaji ajin ya yi tsit. Wasunsu can ƙauyukan iyayensu suke.

Abin da ban faɗa musu ba: Ebola sai ciwo ya bayyana take yaɗuwa, shi ya sa Dakta Adadevoh ta iya tare ta da ta hana mai ɗauke da ita, Patrick Sawyer, barin asibiti, ita kuma ta rasa ranta. Wannan ba haka take ba. Tana iya kwana 14 a jikin mutum bai sani ba, yana gaisawa, yana bin sahu, yana hawa jirgi daga Milan zuwa Legas. Jama'a sun yi yawa, dabbobi a jikinmu, tafiya ta yi sauƙi. Ko ba wannan ba, wata za ta zo. Na daɗe ina koyar da haka a aji, yau ne na ji shi a cikina.

Litinin, 23 ga Maris

An rufe makarantu, kwana 30 aka ce. Ko jarrabawar zango ba a yi ba. Mai makaranta ya tara mu a tsaye: iyaye ba su gama biya ba, albashin Maris rabi, na Afrilu sai yadda Allah ya yi.

Jirgin ƙasa na Rigasa ya tsaya. Jiragen ƙasashen waje ma. Mutum na farko ya rasu a Abuja.

Bidiyon Italiya a waya, gawawwaki cikin motocin soja. Ƙasar da ke da asibitoci ke nan. Ban nuna wa Inna ba.

Laraba, 25 ga Maris

Abba Kyari, na hannun daman shugaban ƙasa, ya kamu. Gwamnan Bauchi ma. Majalisa ta koma cewa ciwon manya ne, wasu har da murna. Murnar ta dame ni. Babban mutum yana da direba, da kuku, da maigadi, kuma duk a unguwanni irin tamu suke kwana.

Na kwashe abin da ke banki. Masara rabin buhu, gero, wake, manja, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, gawayi, sabulun wanki. Maganin hawan jini da na suga na Inna, na wata biyu. Kuɗin mudu da safe daban, da yamma daban.

Sanitaiza ko tayawa ban yi ba. Sista, maƙwabciyarmu nas, ta ce in bar ta. Ƙwayar cutar a lulluɓe take da maiƙo, kumfar sabulu ke farfasa shi, amma sai an cuɗa sosai, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kamar daƙiƙa 20.

Alhamis, 26 ga Maris

Daga sha biyun daren nan ba fita, dare da rana. Mataimakiyar gwamna, Dakta Hadiza Balarabe, ce ta yi jawabin. Ba kasuwa, ba ofis, ba masallaci, ba coci, ba biki. Ba a faɗi ranar ƙarewa ba.

Kuma har yanzu ba a samu ko mutum ɗaya da ita a jihar nan ba.

Na ajiye buta biyu da sabulu a zaure, na ɗaura sabulun cikin tsohuwar safa a jikin ƙusa don kada yara su jefa shi kwata.

Juma'a, 27 ga Maris

Ba Juma'a. Tun da na yi wayo ban taɓa gani ba.

Ladan ya kira salla, ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa. Kafin nan liman ya yi bayani ta lasifika, ya kawo labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can. Wasu sun gamsu. Wasu sun ɗauki darduma sun bi lungu, ban san inda suka nufa ba.

Azahar raka'a huɗu a tsakar gida, ni da yara. Inna daga bakin ƙofarta. Bayan sallama ta daɗe tana kuka, ba ta ce komai ba.

Asabar, 28 ga Maris

Gwamna Malam Nasiru ya kamu. Da bakinsa ya faɗa, a bidiyo, da dare. Shi ne na farko a Kaduna.

Barci ya ƙi zuwa. Zafi, ba wuta.

Litinin, 30 ga Maris

Jiya Buhari ya sanar da rufe Legas, Ogun da Abuja na mako biyu. Mu mun riga su.

An kama limamai biyu kan sallar Juma'ar da ta wuce, ɗaya a Malali, ɗaya a Unguwar Kanawa. Duk kusa da mu ne. Gardama ta kan katanga tsakanin Alhaji da mai keken ɗakin ƙarshe har magariba.

Tazara. Kowace sanarwa tazara, mita biyu. Gidan nan iyali biyar ne, banɗaki biyu, igiyar shanya ɗaya. Famfo ya kwana biyu bai kawo ba, mai ruwa kuma tsoron fitowa da kurarsa yake. Wanda ya rubuta a yawaita wanke hannu da ruwa mai gudana bai taɓa sayen jarka ba. Duk da haka ba zan ce ƙarya ba ce. Abin da za mu iya shi za mu yi.

Alhamis, 2 ga Afrilu

An sassauta daga ƙarfe ukun jiya zuwa sha biyun daren yau, a sayi abinci.

Na fita Kawo. Wayyo. Duk mutanen da aka tsare mako guda sun fito lokaci ɗaya. Ƙirji da baya, numfashin wani a wuyana, layin cirar kuɗi har titi, kowa na danna maɓallan nan da yatsa. Wata tsohuwa ta faɗi wajen masu tumatir, hannu goma suka ɗaga ta. In akwai mai ita guda ɗaya a kasuwar nan, to an gama raba ta.

Da na dawo ban shiga ɗaki ba. Kaya a bokiti, wanka, sannan na gaida Inna daga nesa. Ta ce, "Yau kuma ni ake gudu?" Na ce, "Ni ne abin gudun, Inna."

Duniya ta haura mutum miliyan ɗaya.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Sista ta dawo daga aikin dare, ta zauna a dakali, na tsaya a bakin zaure. Na ce ta faɗa mini gaskiya, me zan yi da Inna.

Ta ce: ɗakinta ita kaɗai, jikoki su daina kwana wurinta. Taga a buɗe ko da ƙura. Kofinta, cokalinta, butarta daban. Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga, kuma ba mai zuwa kasuwa ba. Kada ta fasa maganin hawan jini ko na kwana ɗaya. Masu zuwa gaisuwa su tsaya a waje. In an ga zazzaɓi da busasshen tari a lura, in numfashi ya fara sarƙewa kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kira lambar da ake sanarwa a rediyo.

Na ce na'urar taimakon numfashi fa, akwai? Ta kalle ni kawai. "Malam, ka yi ƙoƙari kada ta kai ga nan."

Auta ya yi ta kuka da dare, a bayan Inna ya saba barci.

Laraba, 8 ga Afrilu

Yanzu Talata da Laraba ne ranakun fita.

WhatsApp ya cika. Tafarnuwa, citta, lemon tsami, ruwan zafi kowane minti 15. Turakun 5G. Kulorokwin, tun da Trump ya ambace shi, har wasu suka sha ya wuce kima a Legas aka kwantar da su. Na tuna asubahin nan na Agustan 2014 da aka yi ta buga waya a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola. Masu hawan jini suka sha, wasu ba su tashi ba.

Ƙanina ya turo murya: kada mu yarda a yi mana allurar Turawa. Na so in yi masa faɗa, na fasa. Yana da dalili. Gwajin maganin Pfizer kan yara a Kano, lokacin sanƙarau na 1996, ba ƙage ba ne, an yi shari'a har an biya diyya. Wanda aka taɓa cuta ba a ce masa ya cika zargi. Na dai ce masa babu wata allura tukuna a duniya, kuma sabulu ba na Bature ba ne.

Wani likita ya rasu a Daura. Shi ne na farko a Katsina.

Asabar, 11 ga Afrilu

Kano ta samu na farko.

Yara sun ƙirƙiro wasa, ɗaya ɗan sanda, sauran masu karya doka. Dariya har Inna. Rana mai daɗi, ban san dalili ba. Mangwaro ya shigo.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Ista. Sista da yaranta sun yi addu'arsu a ɗaki, a hankali. Ta aiko mana da shinkafa, mai ɗakina ta mayar da kwanon da dambu.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Yunwa ta fara magana.

Mai keken ɗakin ƙarshe bai fita aiki ba tun kafin kulle, kuma mamallakin keken na jiran kuɗinsa. Yau matarsa ta ɗora tukunya da ruwa zalla don yara su ga hayaƙi su yi shiru. Mai ɗakina ce ta gani. Mun auna musu masara mudu uku. Alhaji ya ce ya yafe hayar wata biyu ga kowa, Allah ya saka masa.

Ana ta cewa ana rabon tallafi. An zo an rubuta sunaye a layinmu.

Sallama a ƙofa ba ta yankewa. Da almajirai ne, yanzu magidanta, da hula da riga mai kyau, murya ƙasa-ƙasa. Birkila, mai wankin hula, mai shayi. Wanda abincinsa ke fitowa daga fitar yau, in ka ce masa zauna a gida ka ceci ranka, me ka ce masa? Ni na yarda da kullen, na san lissafin: a rage haɗuwa, a rage yaɗuwa, kada marasa lafiya su taru wa asibiti lokaci ɗaya. Amma kullen da ba abinci a bayansa ba zai riƙu ba. Tun yanzu da dare lunguna cike suke.

Kano ma za ta rufe daren nan.

Asabar, 18 ga Afrilu

Abba Kyari ya rasu jiya a Legas. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An binne shi yau a maƙabartar Gudu, Abuja. Na ga hotunan, mutane cunkus.

Wanda ya fi kowa kusa da shugaban ƙasa. Ba kuɗi ne ya gaza ba, ba likita ba.

Masu cewa babu ita sun yi shiru yau.

Litinin, 20 ga Afrilu

Mai ɗakina, zazzaɓi tun la'asar. Ciwon kai. Tari kaɗan.

Ita ce mai shiga wurin Inna.

Talata, 21 ga Afrilu

Na mayar da ita falo ita kaɗai, ni da yara tsakar gida kan tabarma. Babbar 'yata ta karɓi hidimar Inna, na tsaya a kanta tana wanke hannu. Abinci a bakin ƙofa. Na ɗaura ɗankwali a hanci in zan shiga.

Ta ce, "Don Allah Malam kada ka kira su. Motar nan in ta tsaya a ƙofar gida, an gama da mu a unguwa." Na gane. Ko mai koko ba za ta ƙara sayar mana ba.

Sista ta zo da abin gwajin maleriya, ta soki yatsa, layi biyu. Ta ce alhamdu lillahi, amma samun wannan bai kore waccan ba. An fara magani.

Na kira lambar da ake sanarwa duk da haka, daga bayan gida. Sun tambaya: ta yi tafiya? Ta haɗu da wanda aka tabbatar? Numfashi fa? A'a, a'a, lafiya. Suka ce a ci gaba da killace ta, in ya canza in sake kira.

Dare. Ina zaune a bakin taga ina ƙirga numfashinta da agogon waya, yadda Sista ta nuna mini. 19. 20. 19.

Laraba, 22 ga Afrilu

Malam Nasiru ya warke, gwaji biyu sun nuna babu. Ya fito da furfurar gemu. Ashe ana tashi.

Zazzaɓi ya sauka kaɗan. Ban fita kasuwa ba, na ba mai keke saƙo.

Juma'a, 24 ga Afrilu, 1 ga Ramadan

Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata jiya. Azumi ba tafsiri a Masallacin Sultan Bello, ba tarawihi a jam'i, ba kunun sadaka a ƙofar masallaci. Tarawihi a gida, da gajerun surorin da na haddace.

Sista ta ce masu suga su yi hankali da azumi. Inna ta ce ita ba ta taɓa sha ba. Mun daidaita a kan za a riƙa auna ta.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Ƙarin kwana 30. Ranar fita ta koma Laraba kaɗai. Takunkumi dole, kotun tafi-da-gidanka ga wanda ya karya.

Kano. Ban san yadda zan rubuta ba. Masu haƙar kabari na cewa ba su taɓa ganin irin wannan ba. Dattawa ke tafiya, ɗaya bayan ɗaya, malaman jami'a, 'yan kasuwa, tsofaffin ma'aikata. Farfesa Ibrahim Ayagi jiya. Gwamnatin can ta ce hawan jini ne, da suga, da maleriya, da sanƙarau. Wurin gwajinsu kuma ya tsaya kwanakin nan. To in ba a gwada ba, wa zai ce ita ce, wa zai ce ba ita ba ce?

Na kira Kawu a Fagge. Ya ce, "Ɗana, yau jana'iza uku na je." Na ce, "Kawu, don girman Allah ka zauna a gida, ka yi musu addu'a daga nan." Ya ce wanda ya yi shekara hamsin yana zama da shi ba zai bari a kai shi ba ya nan. Na rasa amsa.

Litinin, 27 ga Afrilu

Buhari ya rufe Kano mako biyu. Legas da Abuja za a fara sassautawa 4 ga Mayu.

Mai ɗakina ta tashi, har ta yi shara. Tarin na nan. Ta ce miya ba ta da ɗanɗano, ko warin daddawa ba ta ji. Na karanta wani abu game da haka. Ban gaya mata ba. Falo dai tukuna.

Laraba, 29 ga Afrilu

Telan bakin layi ya ajiye ɗinkin salla ya koma takunkumi, da ƙyallayen atamfa da roba. Na sayi na kowa, bibbiyu, a wanke ɗaya a sa ɗaya. Ninki biyu na ce ya yi mini. A titi rabin mutane a haɓa suka rataya shi, sai an hango jami'ai a ja sama. Wani ya ari na abokinsa don ya wuce shinge.

Na lura na daina miƙa hannu. Hannu a ƙirji, kowa ya saba.

Hadari ya haɗu da yamma, iska ta watsa shi.

Asabar, 2 ga Mayu

Almajiran da aka dawo da su daga Kano, an gwada, da yawa suna ɗauke da ita. Yara ƙanana, cikin manyan motoci, daga jiha zuwa jiha. Yawancinsu ko zazzaɓi ba sa yi. Ina yaron nan mai zuwa mana wanke-wanke? Tun farkon kulle ban gan shi ba, ko sunan garinsu ban riƙe ba sai "wajen Ikara".

Sarkin Rano ya rasu.

Kawu bai ɗaga waya ba.

Lahadi, 3 ga Mayu

Bai ɗaga ba.

Masara ta kusa ƙasan buhu. Wake ya ƙare. Mai makaranta ya turo saƙon barka da azumi.

Litinin, 4 ga Mayu

Ɗansa ya kira. Kawu na kwance, zazzaɓi, amma yana cin abinci. Sun je asibiti biyu ba a karɓe su ba. Na karanta masa duk abin da Sista ta faɗa mini, ya rubuta. Na ce ya ƙirga numfashi, ya buɗe taga, ya hana 'yan dubiya. Ya ce 'yan dubiyar ne ba zai iya hanawa ba.

Inna ta tambaye ni ko na ji daga ƙaninta. Na ce yana gaishe ta.

Laraba, 6 ga Mayu, 13 ga Ramadan

Ranar fita. Sammako kafin cunkoso. Gero, sabulu, batirin na'urar auna suga, katin waya. In kuɗin ya kai, ƙwai.

Mai ɗakina ta ce ta ji ƙamshin citta a kunun sahur. Sista ta ce a ƙara mata kwana uku a falo.

Inna ta yi tari cikin dare, sau biyu na ji. Da asuba jikinta ba zafi. Ta ce ƙura ce, a rufe mata tagar nan. Ban rufe ba. Sista za ta duba ta in ta sauko daga aiki.

In na dawo, kiran Fagge.